Masu Tuta da Sauran Mataimakan Alƙalin Wasa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai kallon ƙwallo ya san wannan yanayi. An zura ƙwallo a raga, fili ya kaure da ihu, wanda ya ci ya ruga kwana zai yi murna, sai can gefe a hangi wani mutum ya ƙame da tuta a sama. Nan take murna ta koma ciki, zagi ya fara sauka kansa kamar ruwan sama. Akasarin masu zagin ba su san abin da doka ta ɗora masa ba, ba su kuma san abin da ta hana shi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi game da shi da abokan aikinsa.

Su wane ne mataimakan alƙalin wasa?

A ƙwallon ƙafa, doka ta 6 cikin dokoki 17 da hukumar IFAB ke tsarawa ita ce ta yi bayaninsu. Akwai mutum biyu masu tuta a gefen fili, waɗanda 'yan kallo suka fi sani da lasman. Akwai alƙali na huɗu, mai tsayawa tsakanin bencin ƙungiyoyin biyu. A manyan gasanni akan ƙara mataimaki na ko-ta-kwana, wanda aikinsa shi ne ya karɓi tuta idan ɗaya daga cikin biyun ya gaza. Dokar ta kuma amince da ƙarin mataimaka biyu a kusa da raga, sai masu zama gaban talabijin a ɗakin VAR, wato masu taimaka wa alƙali ta hanyar duba bidiyo. Dukansu a ƙarƙashin mai usur suke.

Tun asali haka ake yi?

A'a. A farkon wasan a Ingila kowace ƙungiya ce ke kawo nata mai sa ido, su biyu suna cikin fili, 'yan wasa na kai musu ƙara. Alƙali yana waje, ba a neman sa sai mutum biyun sun kasa daidaitawa. A 1891 aka juya abin: alƙali ya shigo tsakiya da cikakken iko, aka mayar da su biyun bakin layi. Sun shafe fiye da shekara ɗari ana kiransu masu kula da layi, sai a 1996 aka sauya musu suna zuwa mataimakan alƙalin wasa, domin aikin ya daɗe da wuce duba ko ƙwallo ta fita. Alƙali na huɗu kuwa a 1991 ya shiga dokar.

Idan mai tuta ya ɗaga, dole ne alƙali ya busa?

Ba dole ba ne, kuma wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Tuta ba ta tsayar da wasa, usur ne ke tsayarwa. Abin da mataimaki ke yi shawara ce, alƙali na iya karɓa, yana iya yi masa hannu ya ce ya sauke. Shi ya sa masu horarwa ke faɗa wa 'yan wasa kullum kada su tsaya don sun ga tuta. Mai tsaron baya da ya ɗaga hannu ya ja birki tun bai ji usur ba, in aka ci su, kuka da kansa.

Amma a aikace alƙali mai hankali ba ya wasa da tutar abokin aikinsa, musamman kan satar gida da fitar ƙwallo, don ya san daga inda yake ba zai ga abin da wancan ya gani ba. Misalin da ya fi shahara shi ne wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1966 a Wembley. Ingila da Jamus ta Yamma suna biyu da biyu a ƙarin lokaci, Geoff Hurst ya buga, ƙwallo ta daki ƙasan ƙarfen sama ta dire a ƙasa ta fito. Alƙali Gottfried Dienst ɗan Switzerland bai tabbatar ba, ya ruga wurin mai tutarsa Tofiq Bahramov, shi kuma ya ce ta shiga. Ingila ta ci kofin da huɗu da biyu, Jamusawa har gobe ba su yarda ba. Turawan Ingila sun daɗe suna ce masa ɗan Rasha, alhali mutumin Azarbaijan ne, kuma da sunansa ake kiran wani babban filin wasa a Baku.

Akasin haka ya faru a 1986 a Meziko, lokacin da Maradona ya ci Ingila da hannu. Alƙali Ali Bin Nasser ɗan Tunisiya ya dubi mai tutarsa Bogdan Dochev ɗan Bulgeriya, wannan bai ɗaga ba, aka bar ƙwallon. Shekaru suka yi ta tafiya kowannensu na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. A ganina duk biyun suna da rabo: ɗaya ya jira a gaya masa, ɗaya ya jira a tambaye shi.

Me ya sa kowane mai tuta rabin layi kawai yake gudu?

Saboda an raba filin ne. Alƙali yana gudu a karkace, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, masu tuta kuma kowanne ya riƙe rabin da ya fi nisa da hanyar alƙalin, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ta haka duk inda ƙwallo take tana tsakanin idanu biyu masu kallonta daga ɓangarori daban. Ana danganta yaɗuwar wannan tsari ga Stanley Rous, alƙalin Ingila wanda daga baya ya shugabanci FIFA.

Ka lura da shi a wasa na gaba da za ka kalla. Yawancin lokaci ba gudun gaba yake yi ba, tafiyar kaguwa yake, ƙirjinsa na fuskantar fili, yana sauya tutar daga hannu zuwa hannu a ƙasa da ƙugu don kullum alƙali ya iya ganinta.

Me ya sa ake yawan kuskure a satar gida? Ba layi ne kawai ba?

Layi ne, amma layi mai gudu. Doka ta ce ɗan wasa yana wurin satar gida idan yana rabin filin abokan hamayya, kuma wani sashe na kansa ko jikinsa ko ƙafarsa ya fi ƙwallo kusa da layin raga, ya kuma fi na biyun ƙarshe cikin abokan hamayya kusa da layin. Ba a lissafa hannu. Wanda ya yi daidai da mai tsaron baya bai yi sata ba, haka dokar take tun 1990. Babu satar gida idan ƙwallo ta zo masa kai tsaye daga jifa, ko kwana, ko bugun gida. Tsayawa a wurin kuma ba laifi ba ne sai ya taɓa ƙwallo, ko ya tare wa wani hanya ko gani, ko ya ci moriyar tsayuwar.

A kula da kalmar "na biyun ƙarshe". Mutane sun saba cewa ɗan bayan ƙarshe, saboda galibi gola ne na farko ba a ma tuna shi. Ranar da gola ya fito lissafi yakan canja. A wasan buɗe Kofin Duniya na 2010, Carlos Vela na Meziko ya ci Afirka ta Kudu, aka ɗaga tuta, jama'a suka yi ta mamaki tunda ga ɗan wasa tsaye a kan layin raga. Sai dai golan ya fito ya wuce Vela, mutum ɗaya tak ya rage tsakanin Vela da layin raga. Mai tuta ya yi daidai, masu ihu ne ba su san doka ba.

Wahalar ta gaskiya ita ce lokaci. Ana auna satar ne a daidai ƙiftawar da abokin wasa ya taɓa ƙwallo, mai bugun kuwa yana iya kasancewa mita 40 daga inda ake satar. Mutum ɗaya, ido biyu, wuri biyu. Ga ɗan gaba yana shiga a guje, ga ɗan baya yana fitowa a guje, cikin rabin daƙiƙa sun gifta juna da tazara mai yawa. Shi ya sa ƙwararru ke kafa ido a kan layi, su bar gefen ido da kunne su kama lokacin bugun, don ƙarar takalmi a jikin ƙwallo na taimakawa idan ihun 'yan kallo bai danne ta ba.

Sai batun wurin tsayuwa. Wajibi ne mai tuta ya kasance daidai da na biyun ƙarshen nan, ko daidai da ƙwallo idan ita ta fi kusa da raga. Taku ɗaya gaba ko baya ya isa ya karkatar masa da gani. Wasu masu bincike daga ƙasar Holan sun nuna haka a mujallar Nature a 2000: da yawa daga kurakuran ba son kai ba ne, daga kusurwar da mutum yake kallo suke tasowa. Wanda ke zaune a kan benen 'yan kallo, nesa da layin, ya fi shi shiga wannan tarko, amma shi ne ya fi kowa rantsuwa.

Mece ce ma'anar alamomin tuta?

Idan satar gida ce, yakan ɗaga ta sama tukuna. Bayan an busa sai ya nuna wurin: in ya karkata ta sama, laifin a can nesa da shi ne, in ya miƙe ta daidai kafaɗa, tsakiya ne, in ya sunkuyar da ita ƙasa, kusa da shi ne. A jifa yana nuna ɓangaren da masu jifar ke kai hari. A kwana yana nuna ƙasa wajen tutar kusurwa. Idan ya riƙe ta da hannu biyu a saman kai, canji ake nema. Idan ƙeta ya gani wadda ta ɓace wa alƙali, yakan ɗaga ya ɗan kaɗa ta.

Ƙwallo idan ta shiga babu gardama, ba ya ɗaga komai. Yakan haɗa ido da alƙali ya ruga da sauri ta bakin layi zuwa tsakiya. In ka ga an ci, shi kuma ya tsaya cik bai motsa ba, to dakata da murna.

A manyan wasanni akwai maɓalli a jikin sandar tutar, in ya danna sai wata na'ura a damtsen alƙali ta yi ƙara ko ta girgiza. Ga kuma abin magana a kunne da baki, wanda ta cikinsa ake yin mafi yawan aikin da 'yan kallo ba sa ji.

Me ya sa yanzu suke jinkirin ɗaga tuta, sai an gama kai hari?

Umarni aka ba su, a wasannin da ake amfani da VAR. Idan satar ta kusa ce kuma harin na iya zama ƙwallo, mai tuta ya riƙe hukuncinsa har harin ya ƙare. Dalilin a fili yake. In ya ɗaga da wuri aka busa, daga baya aka ga ya yi kuskure, ba mai iya dawo da damar. In ya jira aka ci, ana iya dubawa a soke.

Tsarin yana da illa. 'Yan wasa na ci gaba da gudu da karo a kan harin da tun farko matacce ne. A watan Mayun 2025 Taiwo Awoniyi na Nottingham Forest ya yi karo da turken raga a wasansu da Leicester, yana bin ƙwallon da aka riga aka yi satar gida a kanta, sai da aka yi masa tiyatar gaggawa a ciki. Umarnin na satar da ke da shakka ne. Wadda ta fito ƙarara babu dalilin jira a kanta, sai dai tsoron kuskure ya sa wasu mataimakan sun mayar da jinkirin ɗabi'a.

Alƙali na huɗu fa, ɗaga allo ne kaɗai aikinsa?

Allon shi ne abin da ake gani. Shi ke kula da canji, ya duba takalmi da kayan mai shiga, ya tabbatar mai fita ya fita kafin wani ya shiga. Shi ke riƙe da rubutun katuna da ƙwallaye. Shi ne kuma ke shan masifar masu horarwa na tsawon minti 90, yana mayar da su cikin da'irarsu, in abin ya wuce gona da iri ya kira alƙali ya ba da kati.

Yana da ido a fili kuma. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2006, lokacin da Zidane ya tunkuyi Materazzi a ƙirji, alƙali Horacio Elizondo yana bin ƙwallo a wani wuri, bai gani ba. Alƙali na huɗu, Luis Medina Cantalejo ɗan Sifaniya, shi ya sanar da shi, aka ɗaga jan kati.

Shi ke yanke yawan mintunan da ake ƙarawa?

A'a, alƙali ne ke yankewa, shi nunawa kawai yake yi. Lambar da ke allon kuma mafi ƙaranci ce: ana iya wuce ta idan an sake ɓata lokaci, ba a iya rage ta. Mataimaka duk suna duba agogo don su tunatar da mai usur, ko da yake wani lokacin ba ya hana aukuwar abin mamaki. A gasar Kofin Afirka a Kamaru, Janairun 2022, alƙalin wasan Tunisiya da Mali ya tashi wasa a minti na 85, aka dawo, ya sake tashi tun minti 90 ba su cika ba.

Ina waɗanda ke tsayawa kusa da raga a wasannin Turai suka shiga?

Hukumar UEFA ta fara gwada su a gasar Europa a kakar 2009/2010, ta kai su Gasar Zakarun Turai. Ba su yi farin jini ba, don ba sa riƙe tuta, ta na'ura suke magana, sai 'yan kallo suka ɗauka ba sa komai. Abin da ya ƙara zubar musu da daraja ya faru a gasar ƙasashen Turai ta 2012: ƙwallon Marko Dević na Yukiren ta haye layi kafin John Terry ya fitar da ita, mataimakin na 'yan taku kaɗan daga wurin, bai ba da ita ba. Shigowar VAR Gasar Zakarun Turai a 2019 ta kawo ƙarshen zamaninsu a can.

VAR na'ura ce ko mutum?

Mutum ne. Alƙali ne ƙwararre zaune a ɗaki da mataimakinsa da mai sarrafa hotuna. An shigar da tsarin cikin doka a 2018, aka yi amfani da shi a Kofin Duniya na Rasha a shekarar, Firimiyar Ingila ta bi a 2019. Ƙa'idar da aka kafa shi a kanta ta taƙaita shi ga abu huɗu: ƙwallo ta ciwu ko ba ta ciwu ba, fenariti, jan kati na kai tsaye, da ba wani kati a madadin wani. A nan ma sai kuskuren ya fito fili, ko wani babban abu ya wuce alƙali bai gani ba. Shi ma shawara yake bayarwa. Abin da ke buƙatar fahimta, kamar taɓa ƙwallo da hannu ko muguwar ƙeta, alƙali ne zai je talabijin na gefen fili ya gani da idonsa.

Tunda mutum ne, yana kuskure irin na mutane. A ƙarshen Satumbar 2023 Luis Díaz ya ci wa Liverpool ƙwallo a gidan Tottenham, mai tuta ya ɗaga bisa kuskure. Na ɗakin VAR ya duba ya ga babu sata, amma ya zaci a fili an ba da ƙwallon ne, sai ya ce an gama dubawa. Alƙali ya ɗauka an tabbatar da sokewar, aka ci gaba da wasa. Da zarar an sake take ƙwallo doka ba ta yarda a koma baya ba. Hotuna sun nuna gaskiya, magana ce ta saɓa. Tottenham ta ci biyu da ɗaya.

Na'ura za ta raba masu tuta da aikinsu?

Ta riga ta karɓe wani sashe. Bayan ƙwallon Frank Lampard da ta haye layi ƙarara a wasan Ingila da Jamus a 2010 ba a ba shi ba, aka amince da na'urar layin raga a 2012. Cikin daƙiƙa ɗaya take aika saƙo zuwa agogon alƙali. A Kofin Duniya na Katar a 2022 aka sa kyamarori 12 suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, ga wata na'ura a cikin ƙwallon da ke nuna lokacin da aka taɓa ta.

Duk wannan yana amsa tambayar inda ɗan wasa ya tsaya. Ko ya tare wa gola gani, ko mai tsaron baya da gangan ya buga ƙwallon, ko an ja riga a bayan alƙali, waɗannan sai mutum. Kuma kayan suna da tsada, akasarin wasannin da ake bugawa a duniya ko kyamara ɗaya babu.

A wasan tanis kam labarin daban ne, domin can tambayar ɗaya ce: ta faɗi ciki ko waje. Gasar Ostireliya ta sallami masu kula da layi a 2021, Wimbledon ta bi sahu a 2025 bayan shekara 147 tana aiki da su.

Sauran wasanni ma suna da mataimaka?

Kusan duka. Zari-ruga na da masu tuta biyu da mai duba talabijin. Ƙwallon raga na da alƙali na biyu a ƙasa da masu tuta a kusurwoyi. A ƙwallon kwando akwai mutanen tebur masu riƙe maki da agogon daƙiƙa 24. Kurket ta rigayi ƙwallon ƙafa da nisa, tun 1992 take da alƙali na uku mai duba hoto, kuma Sachin Tendulkar ɗan wasan Indiya ne na farko da aka fitar ta wannan hanya. Damben boksin ya juya tsarin: na cikin zobe yana kare lafiyar 'yan dambe da doka, amma in ba a yi kisa ba, mutum uku na gefe ne ke faɗin wanda ya ci.

Mai tuta alƙali ne da ya kasa kai wa matsayi?

Da akan yi masa wannan kallo. Yanzu sana'a ce mai zaman kanta. Kowa da usur yake farawa a ƙananan wasanni, in ya yi nisa sai ya zaɓi hanya. FIFA na da jerin sunayen mataimaka daban da na alƙalai, da gwajin ƙarfin jiki nasu na daban mai auna gajeren gudu da tafiyar gefe da saurin juyawa. A manyan gasanni akan ɗauki alƙali da masu tutarsa biyu a matsayin tawaga ɗaya da suka saba da juna, kuma kuskuren ɗaya na iya mayar da su gida su ukun.

Mata ma sun shigo. Ranar 1 ga Disambar 2022, a wasan Kosta Rika da Jamus, Stéphanie Frappart ta Faransa ta riƙe usur, Neuza Back ta Brazil da Karen Díaz ta Meziko suka riƙe tuta, karo na farko da mata uku suka jagoranci wasa a Kofin Duniya na maza.

Idan alƙali ya ji rauni ana tsakiyar wasa fa?

Dokar gasar ce ke faɗin wanda zai karɓa, tun kafin a fara. Galibi alƙali na huɗu ne. In babu shi, babba cikin masu tuta.

Ɗan wasa zai iya samun kati don ya zagi mai tuta?

Ƙwarai kuwa. Gardama da baki ko da hannu katin gargaɗi ce, zagi ko cin mutunci jan kati ne, daidai da a ce alƙalin aka yi wa. Mataimakin ba ya ɗaga kati da kansa, yakan kira alƙali ya faɗa masa lambar rigar da abin da aka ce. Dokar ta kuma tanadi ɗaya ɓangaren: idan mataimaki ya riƙa katsalandan fiye da kima ko ya nuna rashin ɗa'a, alƙali na da ikon karɓe tutar daga hannunsa ana cikin wasa, ya rubuta rahoto a kansa zuwa ga hukumar da ta shirya gasar.